Ciwon da Saja Ya Zaɓa Wa Ɗansa

Takardar da aka ba Saloma a asibiti ko tafin hannu ba ta kai ba, amma sai da mijinta, Saja Haggai, ya ɗauko tabarau, ya goge shi da bakin riga, ya karanta ta sau uku. Abin da ke ciki ba shi da yawa. Sunan ɗansu ne, Dominic, ɗan shekara ashirin da ɗaya, sai layi guda a ƙasa: a dawo da shi ɗakin shawara ranar Alhamis, tare da mahaifinsa da mahaifiyarsa.

"Shawara," in ji Saja, yana naɗe takardar. "To ai ga shi sun faɗa da bakinsu. Shawara ce ke damun yaro."

"Ba irin wannan shawarar ba ce, Saja," Saloma ta ce a hankali. "Ɗaki ne da ake zama a yi magana. Sista Beatrice ta ce damuwa ce ta yi mai yawa."

"Ni da ke wa ya iya karatu?"

Gaskiya ne ba da Hausa aka haife su ba, in rai ya ɓaci a gidan da C'lela, yarensu na Zuru, ake faɗa. Amma mutumin da ya yi shekara ashirin da biyu a bariki, daga Kaduna har Maiduguri, ba za a ce bai san bambancin shawarar da ake ba mutum da shawarar da ke sa ido ya yi rawaya ba. Saja ya sani sarai. Ciwo biyu ya ɗora a sikeli, ya zaɓi wanda zai iya faɗa a ƙofar coci.

Ainihin abin kuwa ba wanda ya taɓa furta shi a gidan. Sati uku kafin nan Saja ya ɗauki wayar Dominic zai haska ƙarƙashin gado, sai ya ci karo da saƙonnin da ke tsakaninsa da Kelechi, ɗan Ambrose mai sayar da kayan mashin a bakin kasuwa. Irin kalaman da saurayi ke rubuta wa budurwa ne, kuma ba na jiya ko shekaranjiya ba. Saja ya rufe ƙofa, ya zare bel, ya yi duka har hannunsa ya gaji, sannan ya taka wayar da takalmi. Cikin kwana biyu Ambrose ya sa ɗansa a mota zuwa kudu. Tun daga ranar Dominic ya daina cin abincin kirki, ya daina barci, ya daina kaɗa jita a coci, har ranar da ya yanke jiki ya faɗi a bakin rijiya uwarsa ta kai shi asibiti.

A can ne Sista Beatrice, ma'aikaciyar jinya mai kula da masu damuwa, ta rufe ƙofa ta daɗe tana magana da shi shi kaɗai, sannan ta kira Saloma.

"Maman Dominic, abin da aka faɗa a ɗakin nan ba ya fita, kada ki ji tsoro. Ban kira ki don in sa ki yarda da wani abu ba. Ɗanki ya yarda in gaya miki cewa yana tunanin kashe kansa, kuma ba sau ɗaya ba. Kada ku bar shi shi kaɗai. In da maganin feshi a gida, ki kawar da shi yau. Ranar Alhamis ku zo ku uku, don duk abin da zan yi mai a nan, gida zai koma ya kwana."

Saloma ta dawo da maganar nan a ƙirjinta kamar ta haɗiyi dutse. Ta gaya wa Saja duka, ba ta rage komai ba. Ya ce wanda zai kashe kansa ba ya shela, a soja sun ga irinsu da yawa. Abu ɗaya ta iya yi a ɓoye: ta kwashe gorunan maganin feshi daga ɗakin ajiya, ta kai su bukkar gona ta tura bayan buhunan taki.

Washegari Saja ya shiga kasuwa da kansa, shi da ko gishiri bai taɓa sayowa ba, ya dawo da ƙunshin saiwar rawaya. Ya tara gidan ya karanta doka kamar yana faretin safe. Za a jiƙa rawaya, Dominic ya sha kofi uku kullum. Mai shawara ba ya cin mai, ba ya cin nama, ba ya cin gyaɗa. Za a mai da shi ɗakin baya, kusa da akurkin kaji, don kada ƙanwarsa Joyce ta ɗauka. Sannan ya juya ga matarsa.

"Daga yau kuma kada ki sake ce mini Baban Dominic. Baban Joyce nake."

Abin haushin shi ne ƙaryar ta zauna daram. Rawaya dai rini ce. Kafin sati ya zagayo ta rina wa Dominic leɓe da harshe da 'yan yatsu, ga rama, ga idanun da ba su ga barci ba. Maman Divine ta gidan da ke kallon nasu ita ta fara shigowa dubiya, ta leƙa ɗakin, ta dafe ƙirji.

"Kai, wagga shawara ta kama shi da kyau. Dubi bakin shi. Ku ƙara mai da ganyen gwanda, haka munka yi wa ƙanen mijina."

Ranar Talata matan zumunta na coci suka zo su tara da kayansu iri ɗaya, suka cika tsakar gida da waƙa, suka tsawata wa shawara da sunan Yesu, suka umarce ta ta fita daga hantar bawan Allah. Dominic yana zaune a kan tabarma, kansa a ƙasa, ana dafa shi ta ko'ina. Saloma ta ce amin tare da su, har ta fi kowa ɗaga murya. A ranta kuma tana jin wani sanyi-sanyi da ta ji kunyar sa: ga mutane sun cika gidanta da tausayi, maimakon abin da za su cika shi da shi da sun sani.

Alhamis ta farko aka tashi da ruwa kamar da bakin ƙwarya, Saja ya ce mai shawara ba ya shiga sanyi. Alhamis ta biyu ya ce ciyawa ta cinye masara, ya tasa Saloma gaba zuwa gona tun da sassafe. Ta uku Sista Beatrice ta bugo waya, aka yi rashin sa'a wayar tana kan tebur kusa da shi.

"Mun gode, Sista, muna yin na gida," ya ce da muryarsa ta dattijon coci. Yana kashewa ya sha toka. "Kin ba ta lambarki ashe."

"Ita ta tambaya."

"Saloma, zauna in gaya miki abin da ba ki sani ba. Kin san akwai doka a kan wanga abu? Kin san abin da matasan unguwa za su yi mai in magana ta fita? Asibiti akwai masu shara, akwai masu gadi, kowa da kunnen shi. Ita kanta Beatrice 'yar nan unguwar Rikoto ce, ƙanwarta na auren ɗan ƙanen Fasto. Yau ki zauna a benci gaban ɗakin nan, gobe garin Zuru kaf ya san dalili. Ni kare shi nake yi. Joyce kuma fa, wa zai zo neman ta?"

Mugun uzuri shi ne wanda ke da gaskiya a cikinsa, kuma na Saja yana da ita. Saloma ta san dokar, ta san matasan unguwa, ta taɓa ganin abin da suka yi wa wanda aka ce ya saci akuya. Sai ta ɗauki uzurin mijinta ta ƙara da nata. Ta ce wa kanta ai yaron yana gabanta, tana ganin shi safe da yamma. Ta ce ai addu'a ma magani ce. Ta ce bari a gama noma na biyu, Saja ya huce, sai ta lallaɓa shi. Kullum da abin da take jira, kullum kuma tana jiƙa rawaya.

Da la'asar ɗin ranar ta kai wa Dominic kofinsa. Yana kwance ya juya wa ƙofa baya, ɗakin yana warin kashin kaji da jikin da ya kwana biyu bai ga ruwa ba.

"Mama, yau Alhamis ce?"

"Alhamis ce."

"Ba za mu je ba ke nan."

"Babanka ya ce sai ka ɗan ji ƙarfi."

Ya tashi zaune da ƙyar. Wuyan rigarsa ya yi masa yawa, ƙashin kafaɗarsa ya fito. Ya karɓi kofin ya riƙe da hannu biyu, bai sha ba.

"Mama, kin san ba ni da shawara."

Ta dubi ƙofa.

"In gaya miki wani abu? Ba zan daɗe ba. Ban taɓa gaya wa kowa a gidan nan ba, duka kawai aka yi, ba wanda ya tambaye ni."

Ta san in ya faɗa da bakinsa, ta ji da kunnenta, shi ke nan ba sauran wurin ɓuya. Tana son yaron nan fiye da ranta, kuma a daidai lokacin ba abin da take tsoro a duniya kamar bakinsa.

"Sha maganinka tukuna," ta ce. "Na bar tuwo a wuta."

Babu tuwo a wuta. Ta je madafa ta tsaya gaban murhun da ko hura shi ba a yi ba, ta yi kuka mara sauti, ta share fuska da zane. Da ta koma ɗaukar kofin ta tarar ya shanye tas, ya sake juya wa ƙofa baya.

Daga nan abin ya riƙa gangarowa. Dominic ya daina fitowa ko da shan iska. In an kai masa kunu sai ƙuda su riga shi. Wani lokaci Saloma ta leƙa ta gan shi zaune ya zuba wa bango ido, ta dawo bayan awa biyu ta same shi yadda ta bar shi. In ta yi magana sai ya ce "to", ko me ta faɗa. Jitarsa tana rataye a ƙusa har gizo-gizo ya yi saƙa tsakanin wayoyinta.

A sati na biyar Joyce, wadda ba a gaya mata komai ba amma ba yarinya ba ce, ta ɓoye tsokar kaza biyu a cikin kwano ta rufe da tuwo ta nufi ɗakin baya. Saja yana zaune a ƙarƙashin mangwaro yana sauraron rediyo, hancinsa kuwa na tsohon soja ne. Ya kira ta, ya buɗe kwanon, ya juye wa kare.

"Kina so ki kashe shi? Ba a ce mai shawara ba ya cin nama ba?"

"Baba, yunwa ce za ta kashe shi."

Ya daka mata tsawa ta shige ɗaki. Saloma ta fito daga madafa, hannunta duk gari, ta durƙusa a gefen kujerarsa. Tagar ɗakin baya tana buɗe, taku biyar daga inda suke.

"Saja, don girman Allah. Yaron nan ƙarewa yake yi. Ko ni kaɗai ka bar ni in kai shi."

"Shekara bakwai na yi ina noman golmo a gonar ubanki kafin a ba ni ke," ya ce, bai ko rage murya ba. "Shekara bakwai, rana da ruwa, ban taɓa kwantawa na ce damuwa ba. Na je daji na dawo da harsashi a cinya. Duk don in haifi wanda zai sa in kasa ɗaga kai a garin ubana? Ki bar shi yadda yake. Ciwo ba abin kunya ba ne. Ko mutuwa ba abin kunya ba ce, kowa zai yi ta."

Saloma ta ɗaga ido ta dubi tagar. Ba abin da ya motsa a ciki. Ta ce wa kanta barci yake yi, ta koma ta ci gaba da tankaɗe.

Ranar Juma'ar sati na shida, tana shara da safe, sai ta ji ƙarar guga a rijiya. Dominic ne. Ya ja ruwa ya yi wanka, ya aske gemun da ya taru, ya sa farar rigarsa ta zuwa coci. Ya karɓi tsintsiya daga hannunta ya ƙarasa sharar. Da Saja ya fito, ya je har gabansa ya durƙusa.

"Ina kwana, Baba. Ka yafe mini duk wahalar da na ba ka."

Saja ya juya ga matarsa da fuskar wanda ya ci shari'a.

"Kin gani? Da mun bi ta Beatrice da yanzu muna bakin duniya."

Ranar Dominic ya cinye tuwonsa har ya nemi ƙari. Ya sauko da jita ya goge ta, ya gyara wayoyin, ya kai wa Joyce ya ce ta riƙe, tun da ta daɗe tana so ta koya. Takalminsa mai kyau ya ba ɗan Maman Divine. Ya wanke kayansa ya ninke, ya share ɗakin baya har ƙarƙashin gado. Da yamma ya zauna kusa da uwarsa tana gyaran wake, ya taya ta, ya ce mata duk garin nan ba mai miyar da ta kai tata. Saloma ta yi dariyar da ta manta yadda ake yin ta. Daɗi ya cika ta har ta rasa inda za ta sa kanta, ta yi ta godiya ga Allah da bai bar ta ta tona asirin gidanta a banza ba.

Saja ya aika wa Fasto da dattawa da matan zumunta cewa gobe Asabar da la'asar za a yi addu'ar godiya a gidansa, Ubangiji ya warkar da ɗansa daga shawara. Ya sa aka kama zakaru biyu.

Da hantsin Asabar Saloma ta shiga kasuwa sayen kayan miya. Tana tsaye gaban mai tattasai ta ji an dafa kafaɗarta. Sista Beatrice ce, ba kayan aiki, da kwandonta a hannu. Da a makon jiya ne da Saloma ta sulale ta bi wani layi, amma yau tana da labari.

"Sista, ai ya warke. Jiya ya tashi garau, ya yi wanka, ya ci abinci, har ya roƙi babansa gafara."

"Haka kawai? Dare ɗaya?"

"Dare ɗaya, ikon Allah. Har kyauta ya yi ta yi. Jitarsa ya ba Joyce, takalminsa ya ba yaron maƙwabta, ya gyara ɗakinsa tsaf."

Fara'ar da ke fuskar Sista Beatrice ta ɗauke. Ta ajiye kwandon a ƙasa.

"Yana ina yanzu?"

"Ya tafi gona. Ya ce zai karyo masara a gasa wa baƙi."

"Shi da wa?"

"Shi kaɗai."

"Maman Dominic, ki saurare ni da kyau. Wanda ya daɗe a irin wannan hali, in ya tashi rana ɗaya da sauƙi yana raba kayansa yana neman gafara, sau da yawa ba warkewa ya yi ba. Ya gama yanke abin da zai yi ne, shi ya sa hankalinsa ya kwanta. Maganin feshin da na ce ki kawar, ina kika kai shi?"

Saloma ta tuna da bukkar gona. Ledar tattasai ta zame daga hannunta.

Sista Beatrice ba ta jira amsa ba. Ta ja ta zuwa bakin titi ta tsayar da ɗan kabu-kabu.

"Ki tafi yanzu. In kin same shi kada ki yi faɗa, kada ki yi wa'azi. Ki zauna kusa da shi, ki tambaye shi kai tsaye, ki bar shi ya yi magana. Daga can ku wuce asibiti, ko ya sha ko bai sha ba. Ni can zan je in jira ku."

Hanyar gonar ta yi laka, mashin yana ta zamewa, Saloma tana ta ce wa mai shi ya ƙara wuta. A inda hanya ta ƙare ta ce ya jira ta, ta tattare zane ta kutsa cikin masarar da ta fi ta tsawo, ganye yana yankar fuskarta. Ta so ta kira sunansa, ta ji tsoron kada ta kira a yi shiru.

Yana zaune a ƙofar bukkar da farar rigarsa. An janye buhunan taki. Gora ɗaya tana tsaye a ƙasa tsakanin ƙafafunsa, murfinta a rufe. A gefe ga masara goma sha biyu ya karya ya jera, ya ɗaure su da kyau yadda za a ji daɗin ɗauka.

Ta zauna a gefensa. Ta kai hannu ta ɗauki gorar, ta duba murfin, ta sake dubawa, ta tura ta bayanta ta zauna a kai. Bai hana ta ba.

"Ka sha?"

"Ban sha ba tukuna."

"Kashe kanka ka zo yi, Dominic?"

"I, Mama."

Wa'azi ya taso mata har maƙogwaro, da faɗa, da sunan Yesu, da wutar jahannama. Ta haɗiye su duka. Ta kama hannunsa mai 'yan yatsu rawaya ta riƙe.

"Don mi?"

Ya yi magana a natse, kamar mai bayanin yadda za a raba aikin gona.

"Na ga ya fi muku sauƙi. Kowa ya riga ya san ina da shawara. Sai ku ce ta dawo ta kashe ni, ba wanda zai tambaya. Baba zai ɗaga kansa, Joyce za ta yi aure, ke ma ki huta da jiƙa magani. Na so in bari sai an gama godiya, sai na ga in mutane suna gidan ba za ki kasance ke kaɗai ba in labari ya zo."

A nan Saloma ta ga abin da suka yi sati shida suna yi. Gida-gida suka bi, da coci, da kasuwa, suna shirya garin Zuru ya karɓi gawar ɗansu ba tare da tambaya ba. Saja ya zaɓi ciwon, ita ta jiƙa shi a kofi sau uku kullum, maƙwabta suka sa albarka. Ba abin da suka bar wa yaron sai ya kawo gawar, shi kuma mai biyayya ne tun yana ƙarami.

"Ranar nan ka ce za ka gaya mini wani abu," ta ce. "Na ce na bar tuwo a wuta. Ƙarya na yi, tsoro nake ji. Har yanzu ina jin tsoro, kuma ban san ko zan gane ba. Amma faɗa mini."

Sannan fuskar nan da ta yi kwana ɗaya tana murmushi ta rushe, ya kifa kai a cinyarta yana kuka irin na wanda aka daɗe da danne wa baki. Ya yi magana cikin kukan, rabi da Hausa rabi da C'lela, tun daga shekarun da ya yi yana azumi yana roƙon Allah ya canza shi, har ranar da aka sa Kelechi a mota. Wasu maganganun sun yi mata nauyi har ta runtse ido. Ba ta tashi ba, ba ta saki hannunsa ba.

Su biyu suka hau bayan mashin, shi a tsakiya, ita a baya ta zagaye shi da hannuwanta. Hanyar asibiti kuwa dole ta bi ta ƙofar gidansu.

Tun daga nesa ta hango fararen kujerun roba an jera a ƙarƙashin mangwaro, hayaƙi yana tashi daga madafa, matan zumunta sun fara isowa. Saja yana tsaye a bakin titi da babbar riga yana nuna inda za a sa kujerar Fasto. Da ya gan su ya ɗaga hannu, mai mashin ya rage gudu.

"Ina za ku? Baƙi sun iso."

"Asibiti," in ji Saloma. "Wurin Sista Beatrice."

Ta faɗa da ƙarfin da Maman Divine da mata biyu da ke kusa suka juyo. Saja ya matso har tana jin numfashinsa, ya koma C'lela, ya yi ƙasa da murya.

"In kika wuce ƙofar nan da shi, kada ɗayanku ya sake shigo ta."

Ta san ba barazana ba ce, bai taɓa faɗin abu ya fasa ba. Shekara ashirin da huɗu tana cikin gidan nan, ba ta da wani ɗaki a duniya sai wanda ke bayan mutumin da ke tsaye a gabanta. Ta ji jikin Dominic ya saki, yana ƙoƙarin zare ƙafa ya sauka.

"Mama, bari kawai in..."

Ta ƙara matse shi har sai da ta ji haƙarƙarinsa ɗaya bayan ɗaya a cikin hannunta.

"Malam," ta ce wa mai mashin, "mu tafi."